Wa zai ƙirga mana kuromosom a Bauchi?

Ƙanwata ta yi ɓari sau huɗu cikin shekara uku, kuma babu cikin da ya wuce wata uku. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da ke biyo bayan irin wannan. Na farko a ce ƙaddara, na biyu a ce ta cika aikin wahala, daga na uku kuwa sai a fara magana ƙasa-ƙasa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa mata, wata gwaggon mijin ta ce mahaifarta ce ba ta riƙe ciki. An yi hayaƙi, an sha jiƙe-jiƙen da ba a san adadinsu ba. Babu wanda ya kalli mijin, shi ma bai kalli kansa ba, domin lafiyayyen mutum ne, ko zazzaɓi bai cika yi ba. Wata rana da daddare ta kira ni tana kuka, ta ce, “Yaya, in ni ce matsalar, gara ya ƙara aure in huta da idon mutane.”

Wata likitar mata ce ta ce a duba kuromosom ɗinsu su biyu, wato ƙananan ƙunsoshin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum. Aka ɗebi jini a nan Bauchi, aka zuba a ƙaramar kwalba mai koren murfi, aka aika Legas, daga can kuma aka tura wata ƙasa. Kuɗin ya fi albashina na wata. Jinin farko ya lalace a hanya, sai da aka sake ɗiba. Bayan kusan wata biyu takarda ta dawo, layi ɗaya na lambobi da haruffa ga kowannensu. Nata 46,XX, wato yadda aka saba gani ga mace, babu komai. A nasa kuwa aka ga kuromosom biyu sun yi musanyar guntaye, wannan ya ba wancan, wancan ya ba wannan. Shi ba abin da ya rasa, shi ya sa yake lafiya lau. Amma idan jikinsa ya zo raba kuromosom gida biyu don ba wa ɗa rabinsa, wani lokaci rabon yakan zo da ƙari ko da ragi, cikin kuma ya kasa ɗorewa. Da ya ƙara aure, amaryar ma abin da za ta iya gamuwa da shi ke nan, a sami mata biyu a gida ɗaya ana zarginsu a kan abin da ba su da hannu a ciki.

Ni malamin bayoloji ne a makarantar sakandare. Kowace shekara ina tsayawa gaban allo in zana wa ’yan aji uku cewa ɗan Adam yana da kuromosom 46, jere biyu-biyu har 23, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma a cikinsu ne DNA yake a naɗe kamar zare a jikin kwarkwaro. Ina gaya musu cewa maniyyin uba ne ke ɗauke da X ko Y, kuromosom ɗin da ke sa a haifi mace ko namiji, don haka babu hujjar tsangwamar mace don ta haifi mata zalla. Amma duk shekarun da na yi a jami’a, da kwas biyu na ilimin gado da na ci da maki mai kyau, ban taɓa ganin kuromosom na mutum da idona a ƙarƙashin maikuroskof ba. A handawut na gan shi, a hoton da aka yi ta kwafa har ya dushe. Ranar da takardar ƙanwata ta dawo, ni da ake ganin masani ne a gidanmu na kwana biyu ina bincike kafin in gane abin da layin nan ke faɗa. Wannan ya dame ni, kuma har yanzu yana damuna.

Abin da nake so in ce shi ne, lokaci ya yi da jami’o’inmu na Bauchi da Gombe za su fara horar da mutanen da suka iya wannan aiki da hannunsu, wato duba kuromosom da gano cuta ta hanyar DNA, su kuma iya zama da iyali su yi musu bayani da Hausa ko Fulatanci. Na’ura muna sayowa. Mutumin da zai riƙe ta shi ne muka bari a baya.

Bari in faɗi yadda aikin yake, domin da yawa suna zaton wani abu ne na ƙasashen da suka je wata. Tun 1956 wasu masana biyu, Tjio da Levan, suka tabbatar a Suwidin cewa adadin 46 ne, kafin nan ana cewa 48. Hanyar da ake bi yau ba ta yi nisa da tasu ba. A ɗebi jini, a zuba shi cikin ruwan da fararen ƙwayoyin jini za su ci su hayayyafa, a ajiye a inkubeta mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, na tsawon awa 72. Sai a sa wani sinadari da zai tsayar da ƙwayoyin a daidai lokacin da suke rabuwa, domin a lokacin ne kuromosom ke fitowa fili. A kumbura su da ruwan gishiri mai rauni, a ɗiga a kan gilashi, a rina da Giemsa, wanda duk ma’aikacin lab ya san shi tunda da shi ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Daga nan sai a zauna a ƙirga, ƙwaya ashirin ko fiye, a jera kowane kuromosom da ɗan’uwansa, ana bin zanen baƙi da fari da ke jikinsa kamar saƙar gwado. Kayan aikin ba su fi ƙarfin asibitin koyarwa ba. Abu biyu ne ke da wuya: wutar da ba za ta ɗauke ba har kwana uku, da idon da ya ga ɗaruruwan irin waɗannan har ya iya gane guntun da ya bar mazauninsa. Sola da batir sun isa su magance na farko. Na biyun kuwa babu kasuwar da ake sayar da shi, sai an zauna kusa da gwani wata da watanni. Gani ya kori ji.

Wani zai ce nawa ne masu irin matsalar surukina? Gaskiya ne ba su da yawa, cikin ma’auratan da ke yawan ɓari kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ne ake samu da ita. Sai dai kusan rabin duk ɓarin da ake yi a watanni ukun farko daga kuskuren kuromosom yake, kuma mace nawa ce a Ningi ko Dukku aka taɓa gaya wa haka, maimakon a ce ta ɗauki tulu mai nauyi? Ga yarinyar da ta kai sha takwas ba ta fara al’ada ba, gajeriya, ana ta kai ta wurin masu magani, alhali X ɗaya gare ta maimakon biyu. Ga namijin da ya yi aure uku bai samu haihuwa ba, yana saki yana sakewa, alhali yana da X na ƙari. Ga jaririn da aka haifa ba a gane namiji ne ko mace ba, ungozoma da kakanni suka yanke hukunci da ido, aka raɗa suna, matsala ta taso bayan shekara goma sha biyar. Ga kuma yaran da muke haɗa su duka mu kira galahanga, kalmar da muke jefa wa ciwo uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna. Wasunsu kuromosom na 21 ne suke da shi uku, abin da Lejeune da abokan aikinsa suka gano a Faransa a 1959. Kusan rabin irin waɗannan yara da ciwon zuciya ake haihuwarsu, don haka sanin abin da ke damun yaro da wuri shi ke sa a duba zuciyarsa kafin ta gaza. Kuma gwajin ne ke bambance wanda ya faru sau ɗaya da wanda ke iya maimaituwa a haihuwa ta gaba.

Amma inda abin ya fi shafar kowa shi ne sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da amosanin jini kowace shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. Mun yi abin kirki da muka karɓi gwajin jinotayif kafin aure. Kano ta mai da shi doka a 2024, a nan ma limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai waliyyai sun nuna takarda. To amma mun ɗora wa wannan takarda nauyin raba masoya da haɗa zuri’a, ba mu tsaya mun tambayi wa ke rubuta ta ba. Gwajin da aka fi yi a ƙananan lab shi ne a sa jini a kan wata takarda a kunna mata lantarki, a ga inda kowane nau’in himoglobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya tsaya. Yana aiki, amma yana da iyaka. Akwai nau’o’in da ke tsayawa wuri ɗaya da S, wato na sikila, alhali ba S ba ne. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan sakamakonsa na iya fitowa da na wanda ya ba shi. Mai ɗauke da ƙwayar gadon talasimiya, wani ciwon jini na gado, kuma takardarsa AA za ta nuna, in ya auri AS suna iya haifar ɗa mai ciwon sikila. Ka yi tunanin gidan da wannan ya faru: miji riƙe da takardarsa ta AA, ga ɗa yana kumburin hannu da ƙafa, ga ’yan’uwa suna kallon matar. Aure nawa ya mutu a kan haka, mutuncin mace nawa ya zube, saboda babu wanda zai ce a dakata a duba kuromosom na 11, inda ƙwayar gadon take, a ga ainihin abin da ke rubuce?

Harafi ɗaya ne fa ya sauya a cikin DNA, GAG ya koma GTG, shi ya jawo duk wannan wahala ta ciwon ƙashi da ƙarin jini da kwana asibiti. Jariri sabon haihuwa kuma jininsa cike yake da himoglobin na cikin ciki har zuwa wata shida, shi ya sa gwajin da aka saba ke rikicewa a kansa, sai da na’urar da ta fi shi da mutumin da ya iya karanta ta. In an gano yaro tun yana jariri aka fara ba shi fenisilin da rigakafi da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da yawa daga cikin waɗanda muke binnewa kafin su kai shekara biyar za su rayu. Ba ina maganar maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ba, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Wannan ba namu ba ne tukuna. Ko dashen ɓargo da aka fara yi a birnin Benin na jihar Edo a 2011 ba ya yiwuwa sai an gwada DNA an ga wane ne cikin ’yan’uwa ya dace ya bayar.

Akwai wani misali da ke nuna cewa wani lokaci gwajin shi ne ƙofar magani. Wata irin sankarar jini tana faruwa ne idan kuromosom na 9 da na 22 suka yi musanyar guntaye, abin da ake kira kuromosom na Filadelfiya. Tun 2001 akwai ƙwayar maganin da ke riƙe wannan ciwo shekara da shekaru, kuma an daɗe ana raba ta kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Amma ba a ba ka sai an tabbatar kana da wannan musanya, bayan an fara kuma sai ana auna jini lokaci-lokaci a ga ko maganin na ci. Manomi daga Gamawa ko Nafada da saifarsa ta kumbura, ta ina zai fara?

Na san abin da za a ce mini, kuma ba na raina shi. Za a ce asibitocin ƙauye babu ungozoma, babu maganin zazzaɓi, mata na mutuwa wurin haihuwa, yara na fama da tamowa, kai kana maganar kuromosom. Na yarda waɗannan su ne gaba. Sai dai hannun da ya iya cire DNA daga jini ya ninka shi da na’urar PCR mai kwafar DNA har ya isa a gwada, shi ne dai hannun da ke gano zazzaɓin Lassa, wanda duk rani sai ya ɗauke mana mutane a Toro da Kirfi da Alkaleri, har da ma’aikatan asibiti, tunda Bauchi na cikin jihohin da suka fi fama da shi. Shi ne ke gane tarin fuka da ya ƙi jin magani. Mun ga wannan da idonmu a 2020. Lokacin da korona ta shigo a ƙarshen Fabrairu, wuraren da ke iya gwajinta a duk ƙasar nan ana ƙirga su da yatsu, kuma a watan Maris gwamnan jiharmu Bala Mohammed yana cikin waɗanda suka fara kamuwa. Cikin gaggawa aka buɗe ɗakunan gwaji a jihohi, aka sayo na’urori masu tsada. A daidai wannan lokaci, a Ede ta jihar Osun, Farfesa Christian Happi da mutanensa a Jami’ar Redeemer’s suka karanta dukan RNA na ƙwayar cutar, wato rubutun gadonta, cikin ’yan kwanaki, karo na farko a Afirka. Ba ranar suka fara ba. Sun yi shekaru suna horar da matasa a kan Lassa da Ebola kafin annobar ta zo ta same su a shirye. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu muna da wuraren da za a yi wannan. Ga Jami’ar Abubakar Tafawa Balewa da asibitin koyarwarta, ga Jami’ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021, ga Jami’ar Sa’adu Zungur a Gadau, ga Jami’ar Jihar Gombe da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke can. Tsakanin Bauchi da Gombe tafiyar awa biyu ce, jini zai isa da ransa. Abin da ba na so shi ne kowace ta buɗe sashe da allo mai kyau a ƙofa, ta ɗauki ɗalibai ɗari biyu, ta yaye su da takardar digiri ba su taɓa riƙe fifet, bututun auna ruwa a lab, ba. Wannan shi ne abin da aka yi mana, kada a maimaita shi da sabon suna. Gara su haɗu su tsayar da ɗakin gwaji ɗaya na gaske a jikin asibitin koyarwa, inda jinin majinyata na gaske ke shigowa kullum, a riƙa ɗaukar mutum goma ko goma sha biyu a shekara daga cikin waɗanda suka gama digirin kimiyyar lab na shekara biyar, da likitoci, da masu bayokemistiri. Kada a ba kowa shaida sai ya shirya ya kuma karanta adadin da aka ƙayyade da hannunsa, wani gwani daga wata jami’a ya zo ya sake duba aikinsa. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta tura malamai da yawa ƙasashen waje sun yi digiri na uku a irin waɗannan fannoni, sun dawo sun tarar babu tebur, babu sinadarai, suka koma koyarwa da alli. Su ne za a fara nema. Kuɗin da ake warewa kuma a bar sayen ƙarfe kawai, a sa na sinadarai da gyara da sola na shekara biyar a ciki, domin na’urar PCR da babu sinadaranta akwati ce. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas ma wannan na cikin abin da ya kamata ta ɗauka, tunda jihohi shida ne za su amfana.

Tsohuwar gabar da ke tsakanin likitocin gwaje-gwaje da masana kimiyyar lab a kan wa ke shugabancin ɗakin gwaji tana iya kashe wannan shiri tun yana jariri. Aikin nan yana bukatar su duka biyu, kuma shugabannin jami’a da na asibiti su rubuta rabon aiki tun kafin a kunna inkubeta.

Za a ce in an horar da su za su tafi Saudiyya ko Ingila. Wasu za su tafi, kamar yadda likitoci da ma’aikatan jinya ke tafiya. Amma yarinyar da iyayenta ke Misau, mijinta ke aiki a Bauchi, in ta samu albashin da zai riƙe ta da ɗakin gwajin da ke aiki, ba kowace ce za ta ɗauki jaka ba. A ɗauki nauyin karatunsu da sharaɗin yin shekaru a gida, a kuma ci gaba da horar da wasu a bayansu.

Sashen da na fi damuwa da shi kuwa shi ne wanda aka fi mantawa, wato bayani. A yau in ka ce DNA a majalisa, abin da ke zuwa ran mutane shi ne rigimar Facebook ta wane ba ɗan wane ba ne. Addininmu ya yi tsauri a kan nasaba da mutuncin mace, ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma ba a wasa da zargi. Wanda ke duba DNA na iyali zai riƙa cin karo da sirrin da ba a tambaye shi ba. Dole a koya masa amana kamar yadda ake koya masa aunawa, kuma malaman fiƙihu da na shari’a da ke cikin jami’o’in nan su shigo aji, musamman a kan gwajin ɗan tayi tun yana ciki da abin da ya halatta a yi da sakamakonsa. A koya masa yadda zai gaya wa AS biyu cewa yiwuwar haifar mai sikila ɗaya cikin huɗu ce a kowane ciki, ba wai in an haifi mai ciwo ɗaya sauran ukun sun tsira ba, domin na ji masu digiri suna faɗin haka. A koya masa yadda zai yi maganar auren zumunci ba tare da ya zagi al’adar mutane ba: yawancin ’ya’yan irin wannan aure lafiya suke, amma dangin da suka ga ciwo iri ɗaya yana maimaituwa a ’ya’yansu suna da haƙƙin a bincika musu kafin a sake haɗa wani. Duk wannan da harshen da tsohuwa za ta gane, a ɗakin da aka rufe ƙofa.

Likitar da ta duba ƙanwata ta yi iya ƙoƙarinta a cikin minti goma, ga layi a waje. Sauran bayanin ni na yi wa surukina, a zauren gidanmu bayan sallar isha’i, da biro da bayan kwalin magani. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Yaya, ashe duk shekarun nan ita ke ɗaukar laifina.” Na ce masa babu laifin kowa, haka Allah ya halicce shi, kuma masu irin wannan da yawa suna samun lafiyayyun ’ya’ya in sun yi haƙuri. Shi da kansa ya je ya gaya wa mahaifiyarsa. Daga ranar aka daina kawo jiƙe-jiƙe gidan.

Shekara biyu da suka wuce, bayan na gama zana jerin 23 ɗin nan a allo, wata ɗaliba ta biyo ni ofis. Ƙannenta biyu sikila ne, ɗaya ya rasu. Ta ce, “Malam, wane kwas zan cika a JAMB in ina so in zama mai duba wannan abin?” Na ce ta cika kimiyyar lab, ta samu, yanzu tana aji biyu. Saura mata shekara uku ta gama, sai shekarar horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Duk lokacin da ta zo hutu sai ta tambaye ni ko an fara a nan, ko kuwa ta fara tara kuɗin tafiya kudu.